Jirgi ya firgita ni, washegari Turanci ya gudu a gaban masu intabiyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne mai shekara 27, na karanta aikin akanta. Wata biyu da suka wuce wani kamfani ya kira ni intabiyu a gari mai nisa, na hau jirgin sama karo na farko. Muna tsakiyar tafiya jirgin ya kama girgiza, ya yi ƙasa kamar an sake shi, kofuna suka watse, mutane na ta salati. Matuƙi ya daɗe bai ce komai ba, da ya zo ya yi magana kuma da Turanci, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Da muka zo sauka, har mun kusa taɓa ƙasa sai ya sake tashi sama. Washegari a gaban masu intabiyu bakina ya kulle. Ina karanta Turanci, ina rubutawa, amma ranar ko bayanin kaina na kasa yi. Ban samu aikin ba, a mota ma na dawo. Yanzu wani wurin ya kira ni nan da mako shida, shi ma sai da jirgi. Yaya zan gyara Turancina, kuma anya in sake hawa jirgi? Daga mai neman aiki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanenmu, sannu da wannan firgici, Allah ya kiyaye gaba. Tambaya biyu ka yi, amma mu a wurinmu matsala ɗaya ce ta kama ka sau biyu. Mutumin da ke tsara magana da Hausa a zuci, sannan ya juya ta zuwa Turanci kafin ta fito, yana buƙatar kai a natse. Da zarar tsoro ya shigo sai ya cinye wurin da ake wannan juyin. Shi ya sa sanarwar matuƙi ta wuce ka, shi ya sa kuma bakinka ya kulle washegari, ga shi da wuya idan ka yi barcin kirki a daren. Abin da yake tsira a lokacin ruɗewa shi ne abin da baki ya riga ya saba faɗa ba tare da tunani ba. Matuƙa jirgi sun daɗe da gane haka, kuma a kansa aka gina horonsu. Daga wurinsu za mu aro maka dabara.

Bari mu fara da abin da ya faru a sama, don rashin sani ya fi dare duhu. Girgizar nan gargadar iska ce. Iska ba ta tafiya sumul: wani wuri mai zafi tana hawa, kusa da gajimaren hadari tana juyawa, a saman duwatsu tana yin igiya, a can sama kuma akwai koguna na iska mai gudu waɗanda gefensu ke da gargada ko da sarari fes yake. Wannan ta ƙarshen na'urar hangen hadari ba ta ganinta, don haka takan zo ba sallama. Jiki yana ƙara wa abin gishiri, domin kunnen ciki yana jin canjin motsi sosai amma bai iya auna tazara ba. A watan Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da ɗaya daga cikin gargada mafi muni da aka gani a 'yan shekarun nan. Rahoton farko na masu bincike ya nuna ya sauko kimanin mita 54 cikin daƙiƙa 4.6. Mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, galibi saboda an cilla waɗanda ba su ɗaura bel ba zuwa rufin jirgin. Jirgin kansa ya sauka lafiya a Bankok. Ka lura da inda haɗarin yake: ga wanda bai ɗaure ba. Fukafukan jirgi kuwa ana gwada su da nauyin da ya ninka mafi girman abin da ake tsammanin za su gamu da shi sau ɗaya da rabi, kuma lanƙwasawar da kake gani ta taga da gangan aka ƙera su su yi ta.

Sake tashin da ya yi ana dab da sauka ma ba alamar jirgi ya lalace ba ce. Idan iska ta juya, ko wani jirgin bai gama barin titi ba, ko matuƙi ya ga saurinsa ko tsayinsa bai daidaita ba, ƙa'ida ta ce ya ƙara wuta ya tashi, ya zagayo ya sake gwadawa. Suna atisayen wannan a kai a kai. Shirun da ya yi kuma yana da dalili. Jerin da ake koya musu shi ne: fara riƙe jirgi, sannan ka san inda ka nufa, sannan magana. Fasinja ne ƙarshen wanda za a yi wa bayani, ba don raini ba.

To yanzu ga abin da ya shafi bakinka. A ranar 25 ga Janairun 1990 wani jirgin Avianca daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi yana jiran izinin sauka a New York har mai ya ƙare masa. Matuƙan sun faɗa wa masu kula da zirga-zirga cewa mai yana ƙarewa, sun nemi a ba su fifiko, amma ba su furta kalmar da ke nufin ana cikin halin gaggawa ba. Jirgin ya faɗi, mutum 73 suka rasu. Mun san ba irin labarin da mai tsoron jirgi ke son ji ba ne, amma irin waɗannan ne suka sa aka gyara tsarin. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kafa ma'aunin Turanci mai hawa shida, kuma tun daga 2008 ake buƙatar matuƙin da ke tashi tsakanin ƙasashe ya kai aƙalla hawa na huɗu. Duba abin da hawa na huɗun ya ƙunsa. An yarda harshen uwa ya fito a lafazin mutum, an yarda ya yi kuskuren nahawu, muddin ma'ana ba ta ɓata ba. Abin da aka dage a kai shi ne ya amsa da wuri, idan kalma ta ɓace masa ya zagaya ya faɗi abin da wasu kalmomin, idan bai gane ba ya tambaya ya tabbatar. Wato ana danƙa ran ɗaruruwan mutane a hannun wanda Turancinsa bai kai na ɗan Ingila ba. Masu ɗaukar akanta ba za su nemi fiye da haka a wurinka ba.

Sai mu faɗa maka gaskiya kan mako shida. Awa ɗaya kullum, awa 42 ke nan. Masu shirya jarrabawar Turanci ta Cambridge suna ƙiyasta kimanin awa 200 na karatu tare da malami kafin a haura daga wani mataki zuwa na gaba a ma'aunin harsuna na Turai, mai matakai daga A1 zuwa C2. Saboda haka duk wanda ya ce zai mayar da kai Bature cikin wata guda kuɗinka yake so. Amma intabiyu fili ne ƙarami mai iyaka, kamar maganar matuƙi da hasumiyar filin jirgi. Tambayoyin da ke maimaituwa ba su fi goma ba, kalmomin sana'arka ma ka san su a rubuce. Awa 42 ta isa a horar da baki a wannan filin, idan ba a ɓata ta wajen karanta littafin nahawu a zuci ba.

Ka raba awar gida uku. Minti 20 na farko na bin sawun murya ne. Ka samo magana wadda take da rubutunta, irin shirin 6 Minute English na BBC Learning English, ka yanki minti ɗaya kawai a ciki. Ka saurara sau biyu ba ka duba rubutu ba, sau ɗaya kana dubawa, sannan ka riƙa faɗa tare da mai maganar, kana bin sa da ɗan jinkiri kamar mai amshi, da murya a fili, sau biyar ko shida. Kada ka canza yankin kullum. Kwana uku a kan guda ɗaya ya fi guda uku a kwana ɗaya, domin harshe da leɓe ake horarwa. Inda mutane ke kuskure shi ne su kunna rediyo ko fim suna wani aikin su ce suna koyon Turanci. Kunne zai ɗan saba, baki kuwa yana nan inda ka bar shi.

Minti 25 na tsakiya su ne zuciyar aikin. Ka rubuta tambayoyin: bayanin kanka, dalilin son wannan aikin, abin da ka fi ƙwarewa a kai, rauninka, wata matsala da ka taɓa warwarewa, saɓani da abokin aiki ko abokin karatu, kuskuren da ka taɓa yi, inda kake son kaiwa nan da 'yan shekaru, da tambayar da kai za ka yi musu. Bayanin kai kada ya wuce daƙiƙa 90, wato kalmomi 150 zuwa 200, kuma ba tarihin haihuwa ake nema ba. Abin da ka karanta, abin da ka taɓa yi da hannunka, da abin da ya haɗa ka da wannan aikin, shi ke nan. Tambayoyin da ke neman labari kuma ka ba su gaɓa huɗu: halin da ake ciki, abin da aka ɗora maka, abin da kai ka yi, da sakamakon, da adadi idan akwai. Maimakon ka ce kai mai ƙwazo ne, ka ce lokacin da kake sanin makamar aiki ka tarar lissafin banki da na littafi ba su daidaita ba, ka bi rasit na wata uku, ka gano an shigar da biya ɗaya sau biyu. Labarai biyar irin wannan, na gaskiya, za su amsa yawancin abin da za a jefo maka.

Ga tarkon: kada ka haddace amsar kalma da kalma. Hadda tana tafiya kamar zare, idan aka katse ta a tsakiya sai ka koma farko, kuma masu intabiyu suna gane ta tun daga jimla ta biyu. Ka rubuta amsar sau ɗaya don ka ga siffarta, sannan ka ajiye takardar, ka ɗauki ƙaramin kati ka rubuta kalmomi biyar kacal na tuni. Ka kunna ɗaukar murya a wayarka, ka amsa kana tsaye. Ka saurara. Ranar farko ba za ka ji daɗin muryarka ba, kowa haka yake. Kada ka gyara komai da komai, ka zaɓi aibi ɗaya, ka sake ɗauka. Sau uku a kowace tambaya, kowane karo kalmomin su ɗan bambanta. Kuma ka gajarta jimloli. Jimla mai kalma goma zuwa goma sha biyu ba ta ɓacewa a hanya. Doguwar jimla mai rassa ita ce take barin mutum a tsakiyar ruwa ya manta inda ya faro.

Aibobin da za ka ji a muryar taka mun san yawancinsu, don harshenmu ne ke jawo su. Na farko "p" da "f": "copy" ya koma "coffee", "pull" ya koma "full", ga akanta kuwa "profit" da "payment" kullum suna bakinsa. Ka riƙe 'yar takarda a gaban leɓe. A "p" leɓɓa biyu suna haɗuwa su fashe, takardar ta motsa. A "f" haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska ta zirara. Haka "v" da "b", kamar "vote" da "boat". Sai wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe, "school" ya zama sukul. Sai babba a cikinsu, lokacin da ya wuce. A Hausa aikatau ba ya canzawa don nuna lokacin da ya wuce, "na tafi", "zan tafi", wakilin suna ne ke ɗaukar lokaci. A Turanci aikatau ne ke ɗauka, shi ya sa idan hankali ya tashi sai a ji "yesterday I go". Tunda duk labaranka biyar a baya suka faru, ka fitar da aikatau talatin da za ka fi buƙata, irin su "prepared", "checked", "found", "wrote", "led", ka sa kowanne a jimla ta gaskiya game da kanka. Akwai kuma fassarar da ke sulalowa: "ina zuwa" ta zama "I am coming" alhali mutum fita zai yi, ko "borrow me" a maimakon "lend me". Sautin "th" kuwa kada ya ɗauke maka lokaci da yawa, da wuya ya hana a gane ka.

Minti 15 na ƙarshe na kalmomi ne, kuma ba daga ƙamus ba. Ka ɗauko tallar aikin da shafin kamfanin na intanet, ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka maimaitu. Takwas a rana sun isa, kowacce cikin jimla. Ka waiwaye su washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan mako biyu. Manhajar Anki tana tsara wannan waiwayen da kanta, katin takarda ma yana yi. Kalmomin nan su ne za ka mayar cikin CV ɗinka, wanda bai kamata ya wuce shafi ɗaya ko biyu ba, kuma duk abin da ka rubuta a ciki ka tabbatar za ka iya bayaninsa da baki na minti ɗaya. CV mai Turanci mai nauyi da wani ya rubuta maka rami ne ka haƙa wa kanka.

Yanzu abin da muka fi so ka ɗauka daga ɗakin matuƙi. Idan matuƙi bai ji umarni ba, ba ya kunya, yana cewa "say again". Idan ya ji kuma yana maimaita umarnin don a tabbatar ya ji daidai. Kai ma ka tanadi jimloli uku, su kam ka haddace su har su zama kamar sunanka: "Could you repeat the question, please?", "Do you mean...?", da "Let me think for a moment." Ta biyun ta fi amfani, domin idan ka mayar musu da tambayar da kalmominka ka sami daƙiƙa biyar na tunani, ka kuma nuna kana saurare. Shirun daƙiƙa uku kafin amsa a wurinka kamar shekara yake, a wurinsu kuwa mutum ne mai natsuwa. Abin da ke kayar da mutum shi ne ya amsa tambayar da ba a yi masa ba don yana jin nauyin cewa bai gane ba.

Daga mako na uku sai ka shigar da tsoro cikin atisayen, kamar yadda ake jefa wa matuƙi matsala a na'urar koyon tuƙi. Ka samo mutum biyu, ɗaya a ciki wanda kake jin nauyinsa, tsohon malami ko wani babba da ke aikin ofis. Su zauna a bayan tebur, ka shigo da kayan da za ka sa ranar, su yi maka tambayoyin ba bisa jeri ba, su katse ka a tsakiya, su ɗaure fuska, su jefo guda biyu da ba ka shirya ba. Minti 20, sau biyu a mako, kuma ba a komawa Hausa sai an tashi. Wata rana ka hau bene da gudu ko ka yi tsalle na minti ɗaya, sannan ka yi bayanin kanka zuciya na bugawa. Abin kamar wasa ne, amma haka jikinka zai kasance ranar, gara baki ya saba aiki a wannan halin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jarrabawar Turanci irin IELTS kuma ka bar ta tukuna, sai idan wurin ya nema a rubuce, sakamakonta ma shekara biyu yake aiki.

Batun ko ka sake hawa jirgi, mu dai shawararmu ka hau. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma duk lokacin da aka guje wa abin tsoro sai ya ƙara girma a zuci. Kafin nan ka tambayi kamfanin ko za a iya zagayen farko ta bidiyo, wurare da yawa suna yarda, kuma wasiƙar neman hakan ma atisaye ce. Idan sai ka je, ka zaɓi jirgin safe, lokacin ƙasa ba ta yi zafi ba, gajimaren hadari bai taso ba. Ka nemi kujera daidai fukafukai ko gaba kaɗan, can baya ne girgiza ta fi ƙarfi. Bel ya zauna ƙasa a kan ƙugu, a ɗame, ko da fitilar alamar ɗaura bel ta mutu. Ka gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun kana shiga cewa kana jin tsoro, sun saba, za su riƙa leƙo ka. Idan girgiza ta fara, ka kafa ƙafafu a ƙasa, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida ko bakwai, domin dogon fitar da numfashi ne ke sassauta bugun zuciya. Kada ka karɓi maganin kwantar da hankali a hannun aboki. Idan kuwa har yanzu, bayan wata biyu, kana mafarkin abin ko yana hana ka barci, ka ga likita kafin tafiyar, akwai magani ta hanyar zama da masanin halayya kuma yana aiki.

Sanarwar cikin jirgi ma ka mayar da ita darasi. Kusan iri ɗaya ce a ko'ina, kuma tana nan da yawa a YouTube. Ka sa ta cikin bin sawun muryarka na mako na biyar, har ka riƙa tsintar "turbulence", "fasten your seat belt", "remain seated", "descend", "divert" da "go around". Ka kuma san cewa idan takunkumin oksijin ya faɗo, naka za ka fara sawa kafin ka taimaki wani, kuma saukowar da jirgi zai yi da sauri a lokacin da gangan ne, matuƙi yana neman tsayin ƙafa 10,000 inda ake numfashi ba tare da shi ba.

Wancan karon kwana ɗaya ka bari tsakanin sauka da intabiyu, bai ishe ka ba. Idan hali ya yi ka bar kwana biyu. Ranar farko ka huta, ka je ka ga ginin da ƙofar da za ka shiga, ka auna tsawon hanyar. Daren ƙarshe kada ka koyi sabon abu, ka duba katunanka sau ɗaya ka kwanta. Da safe, kafin ka fita, ka yi minti goma kana magana da Turanci a fili a ɗaki, bayanin kanka sau biyu da jimlolin nan uku, don kada gaisuwar da za ka yi wa masu intabiyu ta zama Turancin farko da ya fita bakinka a ranar.